Kisan ganganci da kisan da ba a yi niyya ba: a ina doka ta ja layi?

Nura Ɗanladi: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga lauyoyi da malaman da ke tare da mu. Wasu samari biyu ne a unguwarmu suka yi sa-in-sa a kan kuɗin gyaran babur, magana ta yi zafi har aka kai ga dambe. Ɗaya ya kai wa ɗaya naushi, ya faɗi ta baya, ƙeyarsa ta bugi bakin kwalbati. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ba wuƙa, ba sanda, kuma tare suka tashi tun suna yara. Yanzu an ce an tuhumi wanda ya yi naushin da sashe na 221 na dokar laifuka, mutanen unguwa kuma na ta cewa rataya ce. Ashe doka ba ta bambanta irin wannan da wanda ya wasa wuƙa ya laɓe yana jiran mutum?

Sani Mai Shayi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Nura, ni dai a wurina wanda ya kashe a kashe shi. Uwar mamacin ba ruwanta da naushi ne ko wuƙa ce, ɗanta dai ba zai dawo ba. Wannan rarrabewar da ake yi ita ce ta sa yara suka raina rai.

Barista Hauwa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba iyayensa haƙuri. Malam Nura, doka ta bambanta, kuma bambancin babba ne. A Final Kod, wato dokar laifuka da jihohin Arewa ke aiki da ita, sashe na 220 ne ya faɗi abin da ake kira kisan kai mai laifi. Daga nan hanya ta rabu biyu. Sashe na 221 shi ne wanda hukuncinsa kisa ne, kuma yana hawa kan mutum idan ya yi aikin da niyyar kashewa, ko kuwa ya san, ko ya kamata ya sani, cewa mutuwa ce mafi rinjayen abin da aikin zai haifar, ba wai kawai tana iya aukuwa ba. Wanda ya caka wa mutum wuƙa a ƙirji ba zai ce bai san ana mutuwa da hakan ba. Amma naushi guda a tsakiyar dambe, mutum nawa ake nausa kullum su tashi su karkaɗe riga?

Sai sashe na 222, wanda ya jero yanayin da kisa ba ya kai wa ga rataya. Akwai wanda aka tunzura shi tunzuri mai tsanani nan take har hankalinsa ya gushe. Akwai wanda yake kare kansa da gaskiya amma ya wuce gona da iri. Akwai faɗan da ya ɓarke ba tare da shiri ba, zuciya ta ɗebi kowa, muddin wanda ya kashe bai yi amfani da wata dama ta zalunci ko mugunta ta daban ba. Akwai kuma kisan da garaje ko sakaci ya jawo, kamar na tuƙi. Hukuncin waɗannan yana sashe na 224: ɗaurin rai da rai, ko abin da bai kai haka ba, ko tara, ko a haɗa. Yadda ka ba da labarin nan, faɗan ba-zata ne. Amma ban ga takardun ba, kuma kotu da shaida take aiki, ba da abin da unguwa ta sani ba.

Nura Ɗanladi: To Barista, in haka ne me ya sa aka rubuta masa 221?

Barista Hauwa: Domin kusan duk inda aka samu gawa, 221 ake fara rubutawa. Daga nan a kai mutum kotun majistare, wadda ba ta da hurumin sauraron shari'ar kisa, ta tura shi gidan yari a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a. A wannan shawarar ne lauyoyin gwamnati ke duba fayil su ce 221 ne ko 224 ne, ko ma babu tuhuma. Ko an je babbar kotu da 221, alƙali na da ikon ya same shi da laifi a ƙarƙashin 224 idan abin da shaida ta nuna ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne takardar da ya sa wa hannu a ofishin 'yan sanda. Yaro ya faɗi maganarsa da Hausa, a rubuta da Turanci, ya dangwala yatsa bai san me aka rubuta ba. Tsakanin "na nause shi ya faɗi" da "na yi ta dukansa har ya mutu" akwai ran mutum guda. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yi tanadin a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa, har ta yi maganar ɗaukar bidiyo, amma talakan da aka kama da daddare ina ya ga lauya?

Malam Sabi'u Alƙali: Barista ta yi bayanin ɓangarenta, bari in kawo na fiƙihu, don na ga Malam Sani yana magana kamar shari'ar Musulunci ba ta rarrabe ba. Ta rarrabe tun a Alƙur'ani. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi maganar kisan kuskure: diyya ga iyalan mamaci, da kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Aya ta 93 ta zo da narkon azaba ga mai kashe mumini da gangan. A Baƙara kuma, aya ta 178, an wajabta ƙisasi, kuma a cikin ayar nan ɗin aka buɗe ƙofar afuwa.

Sai dai akwai abin da zai ba wasunku mamaki. A mashhurin mazhabar Imamu Malik, wadda ita muke bi a nan, kisa iri biyu ne kawai, ganganci da kuskure. Wanda ya doki mutum cikin fushi da gaba, ko da mari ne ko 'yar sanda, ya mutu, ganganci ne, ƙisasi ya hau. Kuskure shi ne kamar ka harbi tsuntsu ka samu mutum, ko duka na wasa. Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad su ne suka tabbatar da na uku a tsakiya, mai kama da ganganci, wato an yi nufin duka amma da abin da bai saba kashewa ba, suka ce diyya ce mai nauyi ba ƙisasi ba, suna kafa hujja da hadisin wanda aka kashe da bulala ko sanda. Ke nan yaron unguwar Malam Nura, a gaban alƙalin Malikiyya, matsayinsa ya fi tsanani fiye da a gaban Final Kod.

Sani Mai Shayi: To ka gani! Allah ya gafarta Malam, ai maganata ke nan.

Malam Sabi'u Alƙali: Dakata Malam Sani, ban ƙarasa ba. Ƙisasin nan haƙƙin waliyyan jini ne, wato dangin mamaci na kusa, ba na alƙali ba, ba na 'yan unguwa ba. In sun so su yafe, in sun so a yi sulhu a kan diyya, kuma Allah da kansa ya kira hakan sauƙi da rahama. In an yafe ma ba sakin mutum ake yi ya tafi kasuwa ba: a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an ce a yi masa bulala 100 a tsare shi shekara guda. Inda ba a karɓar afuwa shi ne kisan gilla, wanda aka yaudari mutum aka kai shi inda ba mai cetonsa aka kashe shi, galibi don abin hannunsa. Wannan ko iyayen sun yafe, hukuma ba ta yafewa. Ashe ka ga ko a nan ba a haɗa mai laɓewa da mai dambe a ma'auni ɗaya ba. Ta wata ƙofar aka raba su, ba ta inda Final Kod ta raba ba.

Dakta Aminu Gwandu: Wannan saɓanin da Malam da Barista suka nuna shi ne ma asalin Final Kod ɗin kanta, kuma daga garinmu rigimar ta taso. A 1947 aka yi shari'ar wani mutum mai suna Tsofo Gubba. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa bisa fiƙihun Malikiyya, wanda bai ɗauki tunzuri a matsayin abin da ke sauke ƙisasi ba. Da aka ɗaukaka ƙara zuwa kotun Turawa ta Afirka ta Yamma, sai ta soke hukuncin, domin a dokar laifuka ta Turawa abin da ya yi bai kai na rataya ba saboda tunzurin da ke ciki. Sarakuna da alƙalai suka ji zafin abin ƙwarai, aka shafe shekaru ana ja-in-ja a kan wace doka ce sama. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan na lokacin, Muhammad Abu Rannat, da wani alƙali daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga Landan, da 'yan gida irin su Shettima Kashim. Su suka ba da shawarar a ɗauko salon dokar Sudan, wadda ita ma daga ta Indiya ta 1860 aka ciro ta. Aka zartar a 1959, ta fara aiki a 1960. Sashe na 222 da Barista ta karanto mana amsa ce ga tambayar da shari'ar Tsofo Gubba ta tayar. Da Zamfara ta dawo da dokar laifuka ta shari'a a shekarar 2000, wasu jihohi suka bi, sai muka sake samun kanmu da ma'auni biyu a gari ɗaya.

Hajiya Rabi: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma zuciyata ta ƙi. Duk kuna maganar wanda ya kashe, ba wanda ya tambayi mu da aka kashe wa. Ƙanena ɗan tireda ne. Wani ya ci bashinsa, ya tambaye shi a gaban mutane, suka yi cacar baki aka raba su. Mutumin nan ya tafi gida, ya ɗauko wuƙa, ya dawo bayan sallar isha'i ya same shi yana rufe shago. Ni na wanke rigar da ke jikinsa, har yau na san inda ta yage, ƙarƙashin haƙarƙari na hagu. Mahaifiyarmu da ciwon ƙafarta take hawa adaidaita zuwa kotu, a ce an ɗage, ta dawo ta zauna a tsakar gida ba ta cin abinci. Waɗanda suka ga abin da idonsu suka gaji suka daina zuwa, wani ma tsoro ya ji. Ƙarshe aka ce faɗa ne, aka ba shi 'yan shekaru, aka cire waɗanda ya yi yana jiran shari'a. Yanzu yana gari yana yawo. Ba wanda ya taɓa ce wa mahaifiyarmu, Hajiya me kike so, ƙisasi ko diyya ko afuwa? Marayu uku ya bari, ko sisi ba su gani ba. Barista, wannan shi ne adalcin 224 ɗin?

Barista Hauwa: Hajiya, Allah ya jiƙan ƙanenki, ya raya abin da ya bari. Ba zan kare abin da aka yi muku ba. Yadda kika faɗa, wannan 221 ne tsantsa. Wanda aka raba faɗa, ya tafi gida, ya samu lokacin da zuciya za ta huce, ya zaɓi wuƙa ya dawo, doka ba ta ba shi mafakar tunzuri ko faɗan ba-zata, domin sharaɗinsu shi ne abin ya faru nan take. Abin da ya karya shari'arku shi ne shaidun da suka janye. Da ba a samu wanda zai tsaya ya ce na ga an raba su, na ga ya dawo daga baya ba, sai labarin wanda ake tuhuma ya rage shi kaɗai a gaban alƙali. Jinkirin da ke sa yaron Malam Nura ya ruɓe a gidan yari shi ne dai ya kori shaidunku. Maganar cewa ba a tambayi mahaifiyarku ba kuwa, gaskiyarki ce. A babbar kotu ƙara ta gwamnati ce, iyalan mamaci shaidu ne kawai in an buƙace su. Dokar 2015 ta ba kotu ikon ta sa mai laifi ya biya diyya ga waɗanda aka cuta, amma sau da yawa ba a ma roƙa, in an roƙa kuma mai laifin ba shi da ko akuya.

Malam Sabi'u Alƙali: A nan ne nake ganin fiƙihu ya fi tausayin marayu. Diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. A kisan kuskure ba a ɗora ta a kan mutum ɗaya, danginsa na wajen uba ne ke haɗawa, a biya cikin shekara uku. Hikimar ita ce kada jinin mutum ya tafi a banza don wanda ya kashe shi matalauci ne. Amma ni ma ba zan ɓoye ba, a yau in aka ƙiyasta dinari 1,000 da naira, kuɗi ne da yawancin dangi ba za su iya tarawa ba, kuma zumuncin da zai sa a haɗa ya yi rauni. Shi ya sa za ka ga direba ya take yaro, a je a ba da haƙuri, iyaye su ce ƙarar kwana ce mun yafe, shi ke nan. Yafiya alheri ce, amma in mamacin ya bar yara ƙanana, ba kowa ke da ikon yafe rabonsu ba. Kuma kaffarar azumin tana nan a wuyan direban ko an yafe masa diyya.

Yakubu Numan: Ku ba ni dama in kawo shari'ar da ta girgiza mu a Adamawa, ta Sunday Jackson. Manomi ne, a 2015 ya yi arangama da wani makiyayi a gona. A bayaninsa, makiyayin ne ya fara kai masa sara da wuƙa ya ji masa rauni, suka yi kokawa, ya ƙwace wuƙar ya soke shi a wuya. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin rataya a 2021, tana cewa tunda ya ƙwace wuƙar ya kamata ya gudu. Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025, Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ce kaɗai ta saɓa. Sai a ƙarshen shekarar Gwamna Fintiri ya yi masa afuwa. Barista, mutumin da jini ke zuba a jikinsa, a tsakiyar kokawa, yaushe ya samu natsuwar lissafin gudu?

Bello Jauro: Yakubu, ka yi haƙuri, amma wancan ma ɗan wasu ne, kuma ba ya nan balle ya faɗi nasa. Mutum biyu a daji, ɗaya ya mutu, labarin wanda ya rayu kaɗai muka ji. Abin da ya ɓata mini rai a lokacin shi ne yadda kowa ya zaɓi ɓangare da sunan ƙabila da addini kafin ya ji me aka gabatar a kotu. In aka ce duk wanda ya ce kare kaina na yi a sake shi, gobe kowa zai faɗi haka.

Barista Hauwa: Ku duka biyun akwai gaskiya a maganarku, kuma wannan ne ya sa nake ganin shari'ar ta fi dacewa da tsakiya. Kare kai cikakke yana wanke mutum gaba ɗaya. In kuma kotu ta ga ya fara da kare kai da gaskiya amma ya zarce abin da ake buƙata, ga 222 nan an tanada don haka, a ɗaure shi gwargwadon laifinsa. Da haka an girmama ran makiyayin, ba a kuma rataye manomin ba. Wannan ra'ayina ne, hukuncin Kotun Ƙoli kuwa shi ne doka. Amma ku lura da abin da ya jawo tsananin: da zarar alƙali ya ce 221, hannunsa ya ɗaure. Ba shi da ikon ya duba cewa wannan bai taɓa laifi ba, ko shi aka fara kai wa hari. Hukunci ɗaya ne tak. Wanda ya sace ƙaramar yarinya Hanifa a Kano ya kashe ta bayan ya tsara komai, aka yanke masa kisa a 2022, da Sunday Jackson, kalma ɗaya alƙalai suka karanta musu. Ni ban yarda wannan daidai ba ne. A Kenya, Kotun Ƙolinsu ta ce a 2017 tilasta wa alƙali hukuncin kisa a kan duk mai kisan kai ya saɓa wa tsarin mulki. Ba ta hana hukuncin ba, ta dai mayar wa alƙali ikon aunawa.

Sani Mai Shayi: Barista, in aka ba alƙalai wannan ikon a ƙasar nan, ɗan mai kuɗi ba zai taɓa ganin igiya ba, ɗan talaka ne zai gani. Gara a bar shi a ɗaure.

Barista Hauwa: Tsoronka a kan hanya yake Malam Sani, sai dai abin da kake gudu yana faruwa yanzu ma, a wani mataki na daban. Mai kuɗi yana da lauya tun daren farko, shi zai tabbatar bayaninsa ya fito da siffar 222. Talaka kuwa sai an kai babbar kotu ake nema masa lauyan kyauta, bayan ya riga ya dangwala yatsa. Gara aunawar ta kasance a fili, alƙali ya rubuta dalilinsa, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara.

Dakta Aminu Gwandu: Kuma igiyar da ake magana a kai ma ba a cika jan ta ba. Akwai sama da mutum 3,000 da ke jiran a zartar musu da hukuncin kisa a gidajen yarin Najeriya, gwamnoni ba sa son sa hannu. Na ƙarshe da aka sani an rataye su ne a Benin, jihar Edo, a 2016. A ƙarƙashin dokokin shari'a na jihohi kuwa, Sani Yakubu Rodi na Katsina aka rataye a Kaduna a farkon 2002. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba Babban Jojin jiha ikon mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai ga wanda ya shekara 10 yana jira bayan ya gama ɗaukaka ƙara. Iyalan mamaci an ce musu za a kashe, ba a kashe ba, ba a kuma ba su diyya ba.

Issoufou Maraɗi: Mu a Nijar dokar Faransa muka gada, ita ma ta raba: kisan da aka shirya tun da wuri daban, kisan niyya ba tare da shiri ba daban, dukan da ya kai ga mutuwa ba tare da nufin kisa ba daban, sai na sakaci. Naushin da aka fara magana a kansa a na uku zai faɗa. Hukuncin kisa yana cikin littafi, amma tun 1976 ba a zartar ba.

Hajiya Rabi: Na ji duk bayananku, na kuma gode. Ban ce a rataye yaron da ya yi naushi ba, Allah ya sani ba ɗaya suke da wanda ya kashe ƙanena ba. Amma duk gyaran da za ku nema, ku sa a ciki cewa kafin alƙali ya buɗe baki ya faɗi shekaru, a kira uwar mamaci ko matarsa a ji ta bakinsu, a kuma rubuta abin da za a ba marayu. Barista, ina tambaya: shari'ar da aka riga aka gama, mu muna da ikon ɗaukaka ƙara, ko sai gwamnati?

Barista Hauwa: Sai gwamnati, Hajiya, domin ita ce mai ƙara. Abin da iyali ke iya yi shi ne su rubuta wa Antoni Janar na jiha koke su nemi ya ɗaukaka, amma akwai wa'adi, kuma in shekaru sun wuce sai an nemi izinin kotu da dalili mai ƙarfi. Ƙarar neman diyya kuwa daban take da ta laifi, magada ne ke shigar da ita da kansu, ita ma tana da nata wa'adin. Ki nemi kwafin hukuncin daga rajistaran kotun da ta yi shari'ar, ki turo mini ta akwatin sirri tare da shekarar da abin ya faru, in duba in gaya miki ko akwai sauran ƙofa.